Daga Madafar Iyali: Kobula, Kyautar Maƙwabci da Abin da ke Cikinta

 

Abin da ya jawo zancenmu na yau tambaya ce da ta zo mana daga wata ƴar'uwa da aure ya kai ta birnin Girinsboro, a jihar Karolina ta Arewa ta ƙasar Amurka, inda ƴan Nijar da dama suke zaune. Ta ce wata dattijuwa maƙwabciyarta, wadda ba Musulma ba, ta ƙwanƙwasa mata ƙofa da kwano mai ɗumi, cike da gasassun ƴaƴan itace da ƙullun fulawa a samansu. Ta karɓa ta yi godiya, amma zuciyarta ba ta kwanta ba: ta ci ne, ko ta zubar? In ta ci, ba ta san abin da aka sa ba. In ta zubar, ta wulaƙanta kyauta kuma ta yi almubazzaranci. Mun ga tambayar ta shafi gidaje da yawa, don babu zuri'ar da ba ta da nata a ƙetare, shi ya sa muka ba ta filin nan gaba ɗaya.

Sunan wannan abinci kobula. Asalinsa na Amurka ne, kuma talauci da rashin kayan aiki suka haife shi. Turawan da suka yi ƙaura zuwa can ba su tarar da furu irin na garuruwansu ba, sai suka riƙa zuba ƴaƴan itace a tukunyar ƙarfe mai kauri, su ɗora curi-curin ƙullu a kai, su rufe, su sa garwashi a ƙasa da bisa marfi. Har yau a kudancin ƙasar ana kai shi gidan sabon maƙwabci, da gidan rasuwa, da wurin taron dangi. Ke nan dattijuwar nan girmamawa ta yi, irin yadda mu ma muke aika wa baƙon unguwa da ƙwaryar fura.

Akan yi shi da ƴaƴan itace biyu da ke nuna a lokacin zafinsu, wato Yuni, Yuli da Agusta, daidai da damunarmu. Na farko shi ne fic, wanda Faransawa ke kira pêche, Larabawa kuma khaukh. Girmansa kamar na ƙaramin mangwaro, fatarsa da gashi-gashi mai laushi, cikinsa da ƙwallo guda mai tauri. Asalinsa ƙasar Sin, wadda har yanzu ita ce ke noma fiye da rabin na duniya. Ya bi ta Farisa ya shiga Turai, Sifaniyawa kuma suka ƙetara da shi Amurka a ƙarni na 16. Jihar Jojiya ce ta yi suna da shi, ko da yake Kalifoniya ta fi ta noma shi. Na biyu shi ne buluberi, ɗan ƙarami mai launin shuɗi mai duhu, da zaƙi da ɗan tsami. Shi ɗan ƙasa ne a Amurka ta Arewa. Mutanen ƙasar na asali suna shanya shi tun kafin zuwan Turawa, kuma sai a shekarar 1916 aka fara kai wanda aka noma a gona kasuwa, a jihar Niyu Jasi, bayan aikin Elizabeth White da masanin tsirrai Frederick Coville.

Ƴaƴan itace da fulawa da sukari halal ne, babu mai ja. Wuraren da Musulmi zai lura guda uku ne. Na ɗaya, mai. Yawancin gidaje da man shanu suke yi, amma tsohuwar al'adar kudu takan sa kitsen alade a ƙullu, kuma akan same shi a wasu ƙullun da ake sayarwa a shirye. A jikin takarda sunansa lard da Ingilishi, saindoux da Faransanci. Duk inda aka ga ɗaya daga cikinsu, sai a ajiye. Na biyu, giya. Wasu suna zuba wuskin ƙasar, wanda suke kira burbon, a cikin fic don ƙamshi. Kada a ruɗe mu da cewa wuta tana ƙone ta. Gwaji ya nuna wani kaso yana saura ko bayan an gasa na awa guda. Na uku, ruwan banila na kwalba. Dokar Amurka ta tanadi cewa na ainihi ya ƙunshi barasa aƙalla kashi 35 cikin 100. Malamai sun yi saɓani a kan ɗan ɗigon da ke ɓacewa cikin abinci, kuma ba mu ne za mu yanke hukunci a nan ba. Kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. A madafarmu dai mun zaɓi barinsa, tun da kirfa da ɓawon lemu suna biya mana buƙata.

Shawararmu ga ƴar'uwar nan ita ce ta tambaya, da sakin fuska. A can ba abin kunya ba ne a tambayi mai girki abin da ya sa, hasali ma daɗi yake ji, don ya san an yaba. Ta ce wa dattijuwar abincin ya yi ƙamshi, tana so ta koya, sa'annan ta bayyana mata cewa addininta ya hana ta naman alade da giya. Matambayi ba ya ɓata. In amsa ta fito lafiya, a ci a gode wa Allah. In akwai abin da ya hana, an riga an sanar da maƙwabciya cikin mutunci, kuma gobe za ta kiyaye. Addininmu ya girmama haƙƙin maƙwabci, Musulmi ne ko wanda ba Musulmi ba, kuma bai kamata tsoron haram ya mayar da mu masu rufe ƙofa da ɗaure fuska ba.

Mafi alheri kuma shi ne uwargida ta iya yin sa da hannunta. Ga yadda ake yi, na mutum shida zuwa takwas.

A tanadi fic nunannu kilo 1, buluberi giram 250, sukari giram 100, sitacin masara irin na Maïzena babban cokali 2, ruwan lemun tsami babban cokali 1, da garin kirfa rabin ƙaramin cokali. Na ƙullu kuma: fulawa giram 200, sukari giram 60, garin kumburar gato, wato levure chimique, ƙaramin cokali 2, gishiri rabin ƙaramin cokali, man shanu mai sanyi giram 90, da madara ko kindirmo mililita 150.

Da farko a tsaga gindin kowane fic kaɗan da wuƙa, a tsoma a tafasasshen ruwa na kamar daƙiƙa 40, a tsame a jefa cikin ruwan sanyi. Fatar za ta saɓule ba tare da wahala ba. A raba biyu, a cire ƙwallon, a yayyanka da kauri. Ƙwallon nan a jefar da shi nesa da yara, don ƙwayar cikinsa tana ɗauke da sinadari mai guba. A haɗa fic da buluberi da sukari da sitaci da lemun tsami da kirfa, a juya a hankali, a zuba a kwanon gashi da aka shafa wa mai. Sitacin shi ne ke kama ruwan da ƴaƴan itacen za su fitar. In babu shi, sai abin ya zama romo.

Sa'annan a tankaɗe fulawa da garin kumbura da gishiri da sukari. A yanka man shanu ƙanana, a murtsuka shi da yatsu cikin garin har ya koma kamar tsaki. Sanyin man yana da muhimmanci, don gutsattsarinsa ne ke narkewa a cikin wuta su bar ƙullun da laushi. In ana zafi, a bar shi a firigo sai lokacin aiki. A zuba madara a juya sau kaɗan, da zarar gari ya jiƙe a tsaya. Wannan ba ƙullun burodi ba ne. Yawan cuɗa shi ne ke taurara shi. A riƙa ɗiba da cokali ana ajiyewa curi-curi a kan ƴaƴan itacen, ana barin ƴan kafofi don tururi ya fita. A barbaɗa sukari kaɗan, a sa a furu mai zafin digiri 190 na minti 40 zuwa 45. Alamar nuna guda biyu ce: sama ya yi ja, ruwan kuma yana ɓararraka a gefe da tsakiya. A bar shi ya huce na minti 20 kafin a raba, don a lokacin ne ruwan ke yin kauri.

Gidan da babu furu bai rasa komai ba, don mun riga mun ga a tukunya aka haifi wannan abinci. A sami tukunyar ƙarfe mai kauri da marfi, a sa garwashi kaɗan a ƙasa, mai yawa a bisa marfi, a riƙa juya tukunyar duk minti 10 don kada gefe guda ya ƙone. Matan da suka saba gasa gato a tukunya mai rairayi sun san hannun aikin.

Mu da muke gida, fic da buluberi ba kayan kasuwarmu ba ne. Ana samun fic na gwangwani a manyan kantuna. In da shi za a yi, a tsiyaye ruwan a rage sukari zuwa rabi. Amma wanda ya fi dacewa da mu shi ne mangwaro. Kowace bazara muna ganin yadda yake tulewa a kasuwa har ya ruɓe a zubar, alhali Alƙur'ani mai girma ya hane mu da almubazzaranci a ci da sha, kamar yadda ya zo a aya ta 31 ta Suratul A'araf. Mangwaron da ya nuna ya fara laushi, muddin bai lalace ba, shi ne daidai wannan aiki. A zaɓi marar zare, kilo 1 bayan an fere. A madadin buluberi, a jiƙa zoɓo tafin hannu guda, a dafa shi ya yi laushi, a yayyanka a haɗa. Zai ba da tsami da launi. Ba za mu ce ɗanɗanon iri ɗaya ne da na Amurka ba, amma yara ba za su bar komai a kwano ba.

Ga ƴar'uwarmu ta Girinsboro, da duk mai irin halinta, tarbiyyar da iyayenmu suka yi mana ita ce kwanon maƙwabci ba ya komawa wayam. Ranar da za ta mayar, ta cika shi da kobular hannunta, ko da cincin, ko da dambu, ta kai da kanta tare da yara su gaishe da dattijuwar. Mutane da yawa a waɗancan ƙasashe ba su taɓa shiga masallaci ba, abin da suka sani na Musulunci shi ne abin da suka gani a wurin maƙwabtansu.

Allah ya ciyar da mu halal, ya sa albarka a tukwanenmu, ya tsare zuri'armu ta gida da ta ƙetare. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya yarda. Wassalamu alaikum.