Wasiƙa ga Manoman Rani na Ƙasar Gumel

'Yan'uwa masu lambu a Maigatari, Gagarawa, Sule Tankarkar da cikin Gumel.

Tun da sola ta shigo, ba a ƙara lissafin fetur, sai mutum ya kunna burtsatse da hantsi ya bar shi har la'asar. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe ruwa kamar lakar fadamar Hadeja. Yuriyar da ka watsa jiya, ruwa mai yawa zai narkar da ita ya gangara da ita inda saiwar albasa ko tumatir ba ta kaiwa. Ganye ya yi rawaya, ka ce taki bai isa ba, ka ƙaro buhu. Kuɗinka yana zurarewa ƙasa, wani lokaci har cikin ruwan da iyalinmu ke sha.

Fosfaras ɗin da ke cikin kamfa da sufa kuwa ba ya yawo. Inda ka ajiye shi nan yake zama, kuma da zarar wurin ya bushe, saiwa ba ta iya ɗaukarsa, ko da shukar tana samun danshi daga can ƙasa. Shi ya sa za ka ga shuka ba ta yi yaushi ba amma ta tsumbure. Ku binne kamfa kusa da gindi, inda danshi yake. Masu bincike na ICRISAT a Sadore, kusa da Yamai, sun nuna cewa giram 6 na kamfa, cikin murfin kwalba, a kowane rami yana ƙara wa gero amfani sosai.

Ku raba yuriya kashi biyu ko uku. Ku riƙa ban ruwa kaɗan-kaɗan. Kashin dabbobin da ke taruwa a kara ranar Alhamis a Maigatari, ku kwaso shi, don shi ne ke sa rairayi ya riƙe ruwa da taki tare. In kun ga farin ɓawo kamar kanwa a bakin fangali, gishirin ruwan ne ke taruwa. A gwada ruwan kafin a ƙara taki.

Sai gawo. Saiwarsa na nutsawa har ruwan ƙasa, shi ya sa yake kore da rani, ya kakkaɓe ganyensa a gona da faɗuwar damina. Don Allah kada ku sare shi don faɗaɗa fangali. Kuma kowane Afrilu ku auna zurfin ruwan rijiyarku ku rubuta, mu san ko yana ja baya.

Wassalam,
ɗan'uwanku.