Multistrada V4: Dalilin da ya sa Ducati ya bar al'adarsa ta shekara da shekaru

Lokacin da kamfanin Ducati na birnin Bologna a Italiya ya gabatar da babur ɗin Multistrada V4 a ƙarshen 2020, abin da ya fi tayar da ƙura tsakanin masoyansa shi ne wani ɗan ƙaramin sifirin da ke cikin injin. Tun 1956 aka san kamfanin da tsarin desmodromic na injiniya Fabio Taglioni, wanda ke buɗe bawul ya kuma rufe shi da ƙarfe, ba tare da dogaro da sifirin ba. A wannan babur sai aka koma amfani da sifirin.

Dalilin na kasuwa ne. Tsohon tsarin yana buƙatar bakanike ya riƙa duba shi akai-akai, kuma aikin na da tsada. Sabon injin mai silinda huɗu, mai girman cc 1,158 da ƙarfin doki 170, sai ya yi tafiyar kilomita 60,000 kafin a duba bawul ɗinsa. Mai sayen babur na doguwar tafiya, wanda BMW ke zawarci da jerin GS, lissafin kuɗin gyara yake yi kafin komai.

Multistrada V4 ne kuma babur na farko da ya fito da na'urar rada gaba da baya. Ta gaba tana daidaita gudu gwargwadon tazarar motar da ke gabansa, ta baya kuma tana gargaɗin mahayi game da abin hawan da madubi bai nuna masa ba.

Bayan duk wannan akwai batun mallaka. Tun 2012 Ducati ke hannun Audi, reshen Volkswagen na Jamus. A 2017 an yi yunƙurin sayar da shi bayan badaƙalar hayaƙin dizal, amma wakilan ma'aikata a hukumar gudanarwar Volkswagen suka ƙi amincewa. Kamfanin da ya taɓa shiga jerin kayan sayarwa dole ne ya riƙa nuna riba, ga kuma ƙa'idojin hayaƙi na Tarayyar Turai da ke ƙara tsanani. Ayyukan ma'aikatan masana'antar Borgo Panigale sun rataya a kan ko masu saye za su ci gaba da karɓar Ducati da ya sassauta al'adarsa domin ya tsira a kasuwa.