Masu Kiran Saikoloji "Karatun Mahaukata", Ku Zo Mu Zauna



Duk shekara idan lokacin cike fam ɗin JAMB ya zo, zance ɗaya ne a majalisunmu, daga Agege har Idi-Araba: yaro ya cike likita, ko lauya, ko injiniya. Da zarar wani ya ce yana son saikoloji, wato ilimin halayyar ɗan Adam, sai a kwashe da dariya. Wannan ya ce karatun mahaukata ne, wancan ya ce kwas ɗin waɗanda makinsu bai kai ba ne, wani ma ya ce duban Bature ne, wai ana koya wa mutum karanta zuciyar jama'a. Duk ukun ba gaskiya ba ne, kuma mu wannan dariyar take cuta.

Mu fara da masu cewa kwas ɗin ragwaye ne. Kafin yaro ya shiga sai ya kawo kiredit 5 a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da Lissafi, kuma jami'o'i da yawa suna ƙarawa da Bayoloji. A jarrabawar JAMB Turanci dole ne, sauran darussa ukun kuwa kowace jami'a da haɗin da take so, shi ya sa sai an duba ƙasidar JAMB kafin a cike. Wanda ya shiga ta JAMB shekara 4 zai yi, wanda ya shiga kai tsaye aji biyu shekara 3. Bisa ƙa'idar hukumar jami'o'i ta NUC, mai shekara 4 ba ya karɓar digiri sai ya ci aƙalla yunit 120.

To me ake karantawa? Akwai ƙididdiga, wato lissafin bincike, wadda ke bin ɗalibi tun daga farkon karatunsa. Akwai darasin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi da yadda suke juya ɗabi'a. Akwai girman yaro daga jariri zuwa tsufa, da yadda mutum ke koyo da mantuwa, da zaman jama'a, da halayyar ma'aikata a wurin aiki, da cututtukan tunani, da hanyoyin gwajin basira. A shekarar ƙarshe ɗalibi zai yi bincike da kansa, ya tara bayanai, ya lissafa, ya rubuta, ya kare a gaban malamai. Don Allah ina ragwanci a nan, ina duba? Cututtukan tunani ma da ake yi wa kwas ɗin gori da su, reshe ɗaya ne kawai cikin rassa masu yawa.

Kuma fa ba sabon abu ba ne. Jami'ar Nsukka ta buɗe sashen tun 1964. Jami'ar Legas da ta Ibadan duk suna da shi, ga su nan a ƙofar gidanmu. Maƙwabtanmu sun fi shekara 50 suna tura 'ya'yansu, mu muna gefe muna dariya.

Yanzu ga inda abin yake mini ciwo. Binciken da aka yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna 'yan Najeriya miliyan 14.3 suna ta'ammali da ƙwaya. A shekarar ce gwamnati ta hana maganin tari mai kodin. Kada mu yaudari kanmu, mun san abin da ke faruwa da wasu matasanmu a tasha da kasuwa da bakin gada. Mun san matan da ke shiga wani hali bayan haihuwa, mun san waɗanda suka gudo daga rikicin Arewa ba sa iya barci. Idan aka kai ɗayansu asibitin Yaba ko na Aro a Abeokuta, da wane harshe zai faɗi damuwarsa? Karaya ana ganinta a hoto, zazzaɓi ana ganinsa a jini, amma ciwon rai sai an faɗa da baki. Matar aure ba za ta buɗe cikinta ba alhali ƙanen mijinta ne ke yin tafinta. Daga nan sai a ce asibiti bai yi ba, a koma ɗauri da duka. Ba mu manta ba, a Satumbar 2019 'yan sanda sun fito da mutane fiye da 300 daga wani gidan horo a Rigasa ta Kaduna, wasu da mari a ƙafa. Al'ummar da ta hana 'ya'yanta koyon gyara, da mari za ta ƙare.

Na san abin da wasu iyaye za su ce: to ina aikin? Tambaya ce mai kyau, kuma ga gaskiya. Digirin farko kaɗai ba ya mayar da yaro mai duba marasa lafiya. Sai ya ƙara digiri na biyu a ɓangaren asibiti, ya yi horo a ƙarƙashin ƙwararru. Ko a lokacin ma ba ya rubuta magani, wannan aikin likitan ƙwaƙwalwa ne, wanda ya yi karatun likita sannan ya ƙware. Su biyun tare suke aiki. Amma ban da asibiti, ana ɗaukar masu wannan digiri a NDLEA, da gidajen gyaran hali, da aikin soja, da sashen kula da ma'aikata na kamfanoni, da ƙungiyoyin agaji. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958. Doka ta samu, saura masu aiki da ita. Sannan ku gaya mini, wane digiri ne a Najeriyar yau ke zuwa da takardar ɗaukar aiki a aljihu?

Masu tsoron addini kuma, addu'a da neman magani ba kishiyoyi ba ne. Yaron da ya tashi a gidanmu, ya yi allo, ya san kunya da kara irin namu, shi ya fi cancanta ya saurari namu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka ga roƙona. Iyaye, ƙofar nan tun a SS1 take rufewa: yaron da ya ajiye Bayoloji ko ya yi wasa da Lissafi ya rage wa kansa jami'o'in da za su karɓe shi. Ku zauna da shi tun lokacin zaɓen darussa. Ku daina miƙa fam ga mai shagon kwamfuta ya zaɓa wa ɗanku makoma. 'Ya'yanmu mata musamman, a ƙarfafa musu, domin rabin masu buƙatar a saurare su mata ne. Masu hali a cikinmu, idan za ku ɗauki nauyin ɗalibai bana, ku sa mai saikoloji ko da ɗaya ne a lissafi. Wanda kuma bai gane haɗin darussan ba, ya zo da sakamakon yaron ranar taro mu duba tare kafin a cike.

Wanda ke da ja a kan abin da na faɗa, fili a buɗe yake, amma ya zo da hujja, ba dariya ba.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Naku,
Sakatare