Mawaƙin Da Ba Ya Gumi A Dandali Bai Yi Wasa Ba

Maƙalar wannan mako kan kiɗa ce, kuma mun san za ta sosa wa wasu inda ba ya musu ƙaiƙayi.

Ku leƙa bukukuwan Haɗejia, Malam Madori ko Kafin Hausa. An ɗauko mawaƙi da kuɗi masu nauyi, DJ ya soka filashi, shi kuma ya riƙe makirfo yana motsa baki a kan muryar da aka gyara masa a situdiyo. Wuta na ɗaukewa, waƙa ta mutu. Mu dai a wurinmu wannan sayar da hoto ne da sunan wasa, kuma aikin marubuci ne ya faɗi haka da babbar murya.

Mun taso muna jin yadda kiɗa na gaske yake. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Haɗejia ranar hawan Salla ya san yadda tambari ke bugun ƙirji kafin ya isa kunne, da yadda mai algaita ke kumbura kumatu yana jan numfashi ba tare da sautin ya yanke ba. Mai kalangu a filin dambe yana karanta fuskar ɗan wasa, ya sauya kiɗa nan take. Filashi ba ta ganin kowa, balle ta sauya.

Za a ce zamani ya wuce nan. To ga misali daga maƙwabta. Mdou Moctar, Buzu ɗan Nijar, ya haɗa jitarsa ta farko da wayar birkin keke. A Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a 2008, da irin gyaran muryar kwamfutar da waƙoƙin finafinanmu suka yi suna da shi. Waƙoƙin suka yaɗu ta katin waya. Bai tsaya nan ba: ya kafa tawaga mai jita da ganguna, ya goge a gidajen biki na Agadas. A 2021 kamfanin Matador na Amurka ya fitar da kundinsa Afrique Victime, a 2024 kuma Funeral for Justice, masu sauraron kiɗan rok na duniya suka rungume shi. Daga situdiyo irin tamu ya fito, amma dandali ne ya ɗaga shi. Haka Tal National ta Yamai, wadda Hausa na cikin harsunan da take waƙa da su, ta fitar da Kaani a 2013 bayan ta daɗe tana kwana tana kiɗa a gaban jama'a.

Wani zai ce jita ba al'adarmu ba ce. Fiyanon Yamaha kuma a wace karkara kakanninmu suka sassaƙa ta? Muna da garaya, gurmi, molo da kukuma. Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya zaga duniya. Wani kuma zai ce ɗaukar makaɗa akwai tsada. Gaskiya ne, amma kuɗin da ake liƙa wa mai motsa baki a dare ɗaya zai sallami mai kalangu da 'yan amshi har da canji.

Ina ruwan marubuci? Da ruwansa. Kundi littafi ne: yana da mabuɗi, tsakiya da marufi. Afrique Victime ba a fahimtarsa da guntun daƙiƙa talatin na TikTok. Waƙar da kundin ya ci sunanta ta haura minti bakwai tana kukan abin da mulkin mallaka ya yi wa Afirka. Wanda ya iya sauraron kundi daga farko har ƙarshe ya iya gina labari. Shi kuwa wasan dandali, da an tashi ya tafi, sai abin da alƙalami ya kama. Mamman Shata ya rasu a 1999. Da Ibrahim Sheme da abokan aikinsa ba su rubuta Shata Ikon Allah ba, da labarai da yawa sun bi tsofaffi kabari. Makaɗan masunta da na manoma a fadamun Guri, Kiri Kasamma da Auyo fa, wa ke rubuta nasu?

Don haka ga aikin mako. Ku zaɓi kundi ɗaya, ku saurare shi gaba ɗaya, ku yi masa sharhi ba tare da "gwani na gwanaye" ko zagi ba. Ko ku je inda ake kiɗa da hannu, ku rubuto mana wa ya buga, da me ya buga, a ina murya ta shaƙe, yaushe taro ya amsa. In kuwa filashi aka danna muku, ku rubuta cewa filashi aka danna. Muna jiran rubutunku kafin Juma'a.