Tramol Ba Aljani Ba Ne

'Yan uwa marubuta, mun gaji da labarin da za a jefa matashi cikin shan kodin da tramol, a rufe da kuka da wa'azi. Tun 2018 da gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin ake ta rubuta irinsu, amma wa ya taɓa faɗa wa mai karatu abin da ƙwayar ke yi a jiki?

A jikin jijiyoyinmu akwai wasu 'yan kafofi da ke karɓar irin waɗannan magunguna. Da magani ya sauka a kafar, saƙo sai ya rabu biyu: hanyar furotin G, da hanyar wani furotin mai suna arestin. Masana suka yi zaton ta farko ke kashe ciwo, ta biyun ke danne numfashi har mutum ya sheƙa. Sai suka shiga neman maganin da zai karkata ga ta farko. Haka aka samu oliceridine, wanda Amurka ta amince da shi a 2020. Amma fa takardarsa na ɗauke da gargaɗin danne numfashi da kamuwa da jarabarsa, kuma gwajin ɓeraye da aka sake yi ya girgiza wancan zaton.

Masu cewa Hausa ba ta ɗaukar kimiyya, da wane harshe muka yi wannan bayanin? Makarantar koyon aikin lafiya tana nan Kankiya, daga Kusada ma ba nisa. Kafin ku sa jaruminku ya haɗiyi ƙwaya a babi na uku, ku je ku tambayi ɗalibanta dalilin da numfashinsa zai tsaya.