Bado da Kainuwa a Bayan Ɗaki



Akwai waɗansu daga cikinmu, nan Samaru da Sabon Gari, da ke ajiye ɗan tafki a bayan ɗaki domin ƙawa. Wata kwatami aka gina mata da siminti, wata rabin duro ta samu, wata kuwa tsohon baho. Ba laifi. Amma ku sani, ruwan da ke kwance cikin gida in ba a kula da shi ba gonar sauro ne. A lokacin zafi, kwana 7 zuwa 10 sun ishi ƙwan sauro ya zama sauro mai tashi, ya bi 'ya'yanki har kan gado da zazzaɓi.

Idan kin nemi shawarata, bado za ki dasa. Ki sami tsohuwar tukunya, ki cika ta da laka, ki binne saiwarsa, ki barbaɗa tsakuwa a sama don kada ruwa ya gurɓace. Sa'an nan ki nutsa tukunyar cikin ruwa mai zurfin ƙafa ɗaya ko biyu, inda rana ke bugu kamar awa 6. Kada ki zuba ɗanyen taki, gama shi ke mai da ruwa kore shar. Ganyen da ya yi rawaya ki tsinke shi. Farin badon nan namu da dare yake buɗe fure, hantsi ya rufe, saboda haka mai son gani sai ta yi sammako.

To, sai kainuwa. An ce da ita dashen Allah, don ba ta bukatar ƙasa, kuma yaɗonta ba kama hannun yaro. Ga abin da yawancinmu ba mu sani ba. Akwai wani irin sauro wanda tsutsotsinsa ba su taso saman ruwa shan iska kamar na sauran. Sukan huda saiwar kainuwa su maƙale, su riƙa shan iska ta cikinta. Watau ko kin leƙa ba za ki gan su ba, ruwa fes, alhali suna ƙasa suna girma. Cizon wannan sauro da zafi, a waɗansu ƙasashe ma yakan yaɗa tundurmi. In lalle sai kin ajiye kainuwa, to, kowane mako ki kwashe ta, ki zaɓi 'yan kaɗan ki wanke saiwarsu sarai ki mayar. Kada ta rufe fiye da sulusin ruwan. Ki kuma saka 'yan ƙananan kifaye, su za su cinye tsutsar sauron da ke yawo. Ban da tarwaɗa, ita sai dama laka.

'Yan makaranta, ku aka fi aika ku ɗebo tsiron nan daga kududdufi ko bakin Kubanni, sai ku kasa kunne. A ƙarƙashin ganyen akan sami 'yan ƙananan katantanwa, su ne masaukin ƙwayar cutar tsargiya, wadda ke sa fitsarin jini. Ta fata take shiga, ba sai an sha ruwan ba. Kada ku tsunduma ciki. Ku jawo da sanda, a ajiye tsiron a bokiti dabam mako biyu, ana tsince katantanwar da ƙwanta kafin a kai shi tafkin gida. Uwa kuma ta hana yara fitsari a ciki, ta kuma rufe bakinsa da ragar waya mai ƙarfi. Ruwan da bai kai taƙi ɗaya ba ya isa ya halaka ɗa mai rarrafe.

Akwai wata baƙuwar kainuwa mai fure shuɗi-shuɗi, 'yar Amurka ta Kudu. Kyanta ya sa mutane suka yi ta kai ta ƙasa-ƙasa. A 1984 ta shigo ruwayen Legas, ta toshe wa masunta da masu kwalekwale hanya. Ko kyauta aka ba ki, ki ce kin gode. Har wa yau, abin da kika kwashe na kainuwa kada ki watsa a kwata. Ruwan sama zai iya janye shi zuwa Kubanni, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta datse a Samaru take shan ruwanta. Ki shanya a rana ya bushe, ki zuba wa gindin gwanda ko yakuwarki.

Da hunturu ruwa na saurin ƙafewa, sai ki riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. In na famfo ne, ki bar shi ya kwana a buɗe tukuna, saboda maganin da ake sa masa yana kashe kifi.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.