Ra'ayi: Haƙƙinka ne ka san abin da aka zuba maka a miya

Duk mai yawan leƙa TikTok ko Facebook ya taɓa cin karo da salon cin abincin nan da ake kira paleo, kuma wasu matasanmu, musamman mazauna Faransa, Beljiyam da Amurka, sun fara gwada shi. Tsarin mai sauƙin faɗa ne: ka ci irin abin da mutanen zamanin dutse suka ci kafin a fara noma, wato nama, kifi, ƙwai, ganye da ƴaƴan itatuwa, ka bar hatsi, wake, gyaɗa, madara, sukari da duk abin da ya fito daga masana'anta. Wasu masana biyu na Amurka, Boyd Eaton da Melvin Konner, su suka ba ra'ayin ƙarfi a wata mujallar likitanci a 1985, sannan littafin Loren Cordain na 2002 ya baza shi a duniya.

Ni dai ba na cikin masu kiran ƴan Nijar su rungumi paleo. Tsarin da zai hana mutum gero, dawa, wake da nono ya hana shi kusan duk abin da ya raya Sahel. Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun noman gero na kimanin shekaru 4,500 a kwarin Tilemsi na ƙasar Mali, saboda haka fura ba baƙuwa ba ce a jikinmu. Amma masu bin tsarin suna da wata ɗabi'a da ya kamata mu ara: kafin su kai loma baki sai sun tambayi abin da ke cikinta.

Mai bin paleo da ya fita cin abinci a Yamai ko Maraɗi zai ɗauka tsire ne mafitarsa, tunda nama ne da wuta. Sai dai yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, kuma sau da yawa har da dunƙulen ɗanɗano. Kilishi sai an tsoma shi a labun gyaɗa kafin ya koma rana. Gasasshiyar kaza kan kwana cikin mutar, mai da dunƙule. Kifi a wasu wuraren sai an birkiɗa shi a fulawa ake soyawa. Salak ɗin da ake ɗauka abincin masu kula da lafiya ne yakan zo cike da mayonez, zoɓo kuma rabin daɗinsa sukari ne. Ko wainar ƙwan mai shayi ba ta tsira ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake rubutawa a takardar jerin abinci, kuma ba a faɗa maka sai ka tambaya.

Ga mai paleo, ƙarshen asarar shi ne ya karya dokar da ya ɗora wa kansa. Ga mai hawan jini, mai ciwon sukari ko yaron da jikinsa ba ya karɓar gyaɗa, maganar ta wuce nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Shi kuwa dunƙule, kusan rabinsa gishiri ne. Idan mai girki ta murza dunƙule, ta ƙara farin magi, ta kuma barbaɗa gishiri, wanda likita ya ce wa ya rage gishiri yana iya cinye babban kaso na rabonsa a faranti ɗaya alhali yana ganin ya kiyaye. Ga kuma man suya da ake maimaitawa har ya yi baƙi, wanda ba mai ganinsa sai wanda ya leƙa bayan kanti.

Ƴan uwanmu da ke ƙetare sun san ana iya yin abin da ya fi haka. Tun Disamban 2014 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa gidajen abinci su sanar da mai saye in akwai ɗaya daga cikin abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da ciwo, ciki har da gyaɗa, alkama, madara, ƙwai, riɗi da mutar. A birnin New York, tun ƙarshen 2015 manyan gidajen abinci masu rassa da yawa ke sanya hoton ƴar kwalbar gishiri kusa da duk abincin da sinadarin sodiyam ɗinsa ya kai miligiram 2,300. Kuma ɗan Nijar a Faris ko Burussel ba ya jin nauyin tambayar ko an sa naman alade ko giya a miya. Wannan bakin da ya iya tambaya saboda addini, me zai hana shi tambaya saboda lafiya?

Masu gidajen abinci za su ce haɗin miya sirrin sana'a ne, kuma mu masu saye mu ne muke guje wa miyar da ba ta ji dunƙule ba. Akwai gaskiya a nan, domin harshenmu ya saba. Amma ba wanda ya ce su bayyana awo ko dabarar girki. Abin da ake nema shi ne amsar e ko a'a: akwai gyaɗa? Akwai fulawa? An sa sukari? Ba kuma mai tuwon bakin tasha za a fara matsa wa ba. Gidajen abincin da ke iya buga takarda mai hotuna masu launi a Yamai, Damagaram da Tawa, ba za su kasa ƙara layi ɗaya a ƙasan kowane abinci ba. Jami'an tsabta na ma'aikatun magajin gari, da suke duba ruwa da shara, su haɗa da wannan a zagayensu.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ke hannunmu. Ka ce a ba ka balangu, yaji a gefe. Ka ce a kawo salak, ka zuba man da lemun tsami da kanka. Ka nemi gasasshe maimakon soyayye. In ka samu mai abincin da har yanzu take miya da daudawar kalwa ko ta batso, ka riƙe ta, ka kuma kai mata abokanka, domin ciniki ne ke sauya halin ɗan kasuwa. Wasu za su harare ka, wasu su ce iyayi ne na wanda ya je Turai. Ka yi tambayarka cikin ladabi. Kuɗinka ne, cikinka ne, kuma matambayi ba ya ɓata.